Ranar da Na Wanke Digirin Rukayya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta damina, ranar da tsaftata ta tona min asiri.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi an san ni da wanke-wanke (maigidana yakan ce da za a ƙyale ni, har kwalta sai na cuɗa). Ƙanwarsa Rukayya a wurinmu take zaune, tana digiri na biyu a fannin tsirrai. Ta yi mako biyu a duwatsun Mambila, ta dawo ranar Juma'a a jigace, rungume da wata kula kamar jaririya. Ta ajiye ta a gindin randa, ta ce, "Anti, gobe malamina zai zo ya karɓi abin da na kawo. Farfesa ne fa."

Farfesa a gidana! Murna ta hana ni tambayar me ta kawo. Gari na wayewa na ɗora tukunya, na haɗa zoɓo, na aro sabon labule a Darmanawa. Da Rukayya ta fita taro shi a Unguwa Uku, sai idona ya faɗa kan kular. Na buɗe ina tsammanin zuma. Duwatsu uku na gani a kan jiƙaƙƙiyar auduga, da ƙanƙara a gefe, duk gansakuka ta lulluɓe su.

Na riƙe haɓa. Haba Rukayya, a haka za a miƙa wa babban mutum kaya? Garin sabulu ya ƙare, amma soson ƙarfe yana nan. Na dirje su tas, na jera a farantin da ba na fitowa da shi sai da salla, na rufe da ƙyalle mai ado. Har ina yaba wa kaina.

Farfesa ya zo, dattijo mai fara'a. Yana kurɓar zoɓo ya shiga ba ni labari. Wai wani ɗan tsiro Rukayya ta gano, ba ya fure, yana lafewa a jikin dutse a ƙololuwar tsauni, inda sanyi da hazo ba sa yankewa. Danginsa wasu ganyensu kamar hanta yake. Kiwo da gobarar daji suna cinye wurin zamansa, kuma sai an yi nazarinsa kafin a iya sa shi cikin jerin tsirran da ake karewa.

"Wallahi Malam," na ce, ina girgiza kai, "mutane ba su da imani."

"Rukayya, kawo mu gani," in ji Farfesa.

"Zauna abinki," na ce, "na shirya komai."

Na dire farantin, na yaye ƙyallen da kaina.

"Anti," in ji Rukayya, "ina tsiron?"

"Wane tsiro? Gansakuka dai na wan..."

Ban ƙarasa ba. Sai ga hawaye a idon yarinyar da ta hau tsauni cikin ruwan sama. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Hajiya, da sabulu kika wanke?" Farfesa ya tambaya.

"Ya ƙare, Malam."

"Alhamdu lillahi! Ina soson? Ina kika zubar da ruwan?"

Haka bawan Allahn nan ya naɗe babbar riga, ya tsuguna a bakin makwarara, yana tsintar ɓurɓushi da hantsakina. Ya ce irin wannan tsiro yakan sake tofowa daga ɗan guntu. Ni ce mai riƙe kular, ina ta "sannu Malam", abincin da na dafa kuwa ko buɗe shi ba a yi ba.

Makonni muka yi Rukayya ba ta ce min komai sai gaisuwa. Rannan ta miƙo min wayarta: hoton wani ɗan koren tsiro ne, bai kai farce ba, ya tofo a ɗakin bincike. Guɗa na rangaɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ta yafe min, amma har yau idan aka tambaye ta abin da ke barazana ga tsiron, cewa take, "Kiwo, gobarar daji, da Anti." Ni kuma na koyi tambaya kafin in ɗauki soso. Ko gansakukar randata ce, sai Rukayya ta duba ta ba ni izini.