Rasuwar Bahago, Babur Ɗin Malam Rilwanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, Malam Rilwanu Safana, malamin kimiyya a wata sakandare ta wajen Darini, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, Bahago. Ya cika ranar Talata da hantsi a cikin wani kwalbati kan hanyar Batsari, yana da shekara goma sha bakwai.

Marigayin ya zo hannun Malam tun Malam ɗin yana manomin gero da bai san bihim ba. Shi ya kai shi ajin yaƙi da jahilci, shi ya kai shi har ƙofar jami'a. Da safe yakan yi tari biyu, kuf, kuf, sannan ya kama hanya ba gardama.

Kowa ya san yana ɗan ja hagu. Da wannan karkata Malam yake koyar da darasin da ya fi ƙauna. Yakan shigo da marigayin tsakar makaranta, ya ce wa ɗalibai masana sun gano kowace ƙwayar zarra tana da takwara, in sun haɗu sai su cinye juna su zama haske. Da a ce an fara da su daidai wa daida, da ba ƙasa, ba gero, ba Darini. Ɗan rinjaye aka samu, ɗaya cikin biliyan, kuma daga wannan ragowar aka yi mu. Dalilin rinjayen ne masana suke ta muhawara a kai. Karkatar da aka auna a ƙwayoyin da aka sani ta yi kaɗan. Wasu na zargin wata ƙwaya mai suna nutirino, wasu na cewa akwai wadda ba a gano ba tukuna. Sai Malam ya saki kan Bahago, ya tura shi, yara su ga ya lanƙwasa da kansa.

Rashin lafiyarsa ta ƙarshe ba ta wuce canjin baƙin mai ba. Aka kai shi rumfar Armaya'u bakanike. Ba wanda ya sa shi, Armaya'u ya kama ƙafar gaba ya daddoke ta da guduma. Da Malam ya dawo, ya tarye shi yana washe baki.

"Malam, na miƙe maka shi. Kyauta na yi."

Hannun da ya shekara goma sha bakwai yana danna dama don ya tare hagu bai ji wannan labari ba. Ya danna kamar kullum. Bahago, a karon farko, ya bi umarni.

Ya bar Malam da hannu ɗaure a wurin mai ɗori, da uwargida Barira da buhunan gyaɗarta ba mai kai su kasuwa, da ɗalibai talatin da ɗaya waɗanda jarrabawa ta rage musu mako biyar, ga malaminsu ba abin hawa. Armaya'u ya aiko cewa da kyakkyawar niyya ya yi. Malam ya saurari ɗan aiken har ƙarshe, kamar yadda ya saba, ya ba shi ruwa ya sha.

Za a ɗauko gawar a bayan a-kori-kura ranar kasuwar Batsari, a shimfiɗe ta a bakin rumfar Armaya'u. Nan Malam zai zauna karɓar gaisuwa daga safe zuwa la'asar, kowace ranar kasuwa, har a gama jarrabawa. Ba zai zagi kowa ba. Wanda ya turo babur gyara ya tsaya ya tambayi abin da ya faru, za a ba shi tabarma, a faɗa masa a tsanake.