Bargon da Iya Azumi Ta Lulluɓa wa Farantin Sola

"…Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya gajiyar hanya? Ai na ɗauka takardar saki za ka aiko mini, don mijin kirki ba ya kafa wa mata ƙarfe a tsakar gida ya ɓace."

"Ni da na zo biko? Ina kwana, tsohuwar amarya. Ya ƙirjin?"

"Yana nan inda ka bar shi. Ba tsire ka kawo masa ba, me zai ce maka?"

Haka Iya Azumi ta tari jikanta Musaddiq da hantsin wata Asabar, tun bai gama kafe babur ɗinsa a zaure ba. Ni ina bakin ƙofata ina tsince shinkafa. Tun rasuwar mai gidana nake haya a ɗakin kusa da rijiya a gidan nan na unguwar Hashimi, kuma na koyi cewa idan kaka da jika suka fara, na gefe ya kama bakinsa ya buɗe kunne.

Da damina Iya ta yi jinyar ƙirji mai tsanani. Likita ya ce hayaƙi ne, na ɗan janaretan da ake tayar mata a gindin taga in an ɗauke wuta, da na fitilar kananzir. Ɗanta Alhaji Bamalli, mahaifin Musaddiq, ya yanke magana: ko a raba ta da hayaƙi, ko ta koma wurinsa a Abuja, a saman bene, inda ba kaji ba maƙwabta. Musaddiq, wanda ya koyi aikin sola a wani shago a Madalla, ya roƙi a ba shi zuwa tsayuwar sabon wata. Da yake kwanon rufin gidan ya tsufa, sai ya kafa farantin solar a kan ƙafafun ƙarfe a tsakar gida, ya ja waya zuwa batir a ɗakinta. To ga wata yana shirin tsayawa, kuma kullum wutar tana mutuwa tun ba a kira isha'i ba. Iya kuwa ta sha gaya mini a hankali cewa ɗakin da aka kawo ta amarya, daga cikinsa take roƙon Allah a fitar da gawarta.

Musaddiq ya leƙa ɗakin ya fito yana girgiza kai. Ya ce batirin yunwa yake ji kamar wanda ya yi azumi babu sahur.

"Gadon gida ne," in ji Iya. "Duk abin da ya fito daga hannunka da yunwa yake zuwa."

"Na ɗaura irinsa a gidaje da yawa a Kwamba, har fanka suke kwana da ita. Sai a gidan matata?"

"Ranar Kwamba daban. Tamu ta Hashimi ba ta jin Turanci. Ka kawo mata faranti daga ƙasar waje, ka ce ta zuba maka tuwo a ciki, ba ko sallama."

Ya yi dariya ya zauna a kan turmi, ya ce rana ɗaya ce Allah ya yi wa kowa. Ta ce ya yi shiru, ita ta san ranar nan tun kafin a haifi ubansa. Daga nan muryarta ta sauka, idonta ya tafi can sama da katanga. Ta ba da labarin lokacin da in ka fita bayan gari da sassafe za ka ga rana tana leƙowa ta wajen Dutsen Zuma, jajir kamar garwashi, matan Gwari suna gangarowa a jere da itace a kafaɗa, raɓa tana ɗiga daga ganyen da ke maƙale da shi. Ta ce a lokacin daji yana bakin ƙofa, mutum bai taɓa tunanin itace abu ne mai ƙarewa ba. Yanzu inda ake saro shi duk ya zama gidajen haya, gawayi ma daga nesa ake kawo shi a mota.

"Kin ga, kin yi mini wa'azin da kanki," in ji Musaddiq. "Fetur da kananzir rumbu ne da ba a yi masa girbi, ɗiba kawai ake yi. Itace ma in ana sara ba a dasawa, haka ne. Rana kuwa kullum sai ta dafa ta kawo, ba ta taɓa cewa cefane ya ƙare."

"Ita ya kamata in aura ashe."

"Ba za ta ɗauke ki ba. Tana da haƙora."

"Haƙoran banza. In tana ciyarwa, me ya sa yaron naka yake kwana da yunwa?"

Wannan tambaya ta tashe shi. Ya bi wayar da hannu tun daga gindin faranti har taga, ya taɓa nan ya ja can, bai ga inda ɓera ya ci ba. Ya sake shiga ɗakin. Jim kaɗan sai ga shi da wani ƙaton ƙwan fitila irin na da, mai ba da haske ja-ja, yana riƙe da shi da gefen rigarsa saboda zafi. Ya tambayi ina ɗan farin da ya saka mata. Iya ta ce yana cikin kwalla, ta adana masa abinsa. Farin haske, in ji ta, na asibiti ne; ta duba madubi a ƙarƙashinsa ta ga wata tsohuwa da ba ta sani ba.

"Ita ce dai na aura," ya ce. "Wannan ƙaton kuwa abin da yake ci a zama ɗaya ya ishi irin nawa da yawa su kwana. Rabin abincinsa ma zafi yake zama, ba haske ba. Kin ajiye gardi a ɗaki kina cewa tuwo ba ya auki."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Garin neman gira kuma a rasa ido."

Ya ce zai samo mata ƙarami mai haske ruwan zuma, wanda zai mayar da ita 'yar shekara ashirin ba tare da ya cinye batir ba. Ta ce in akwai mai mayar da haƙora ya haɗo da shi. Amma na lura goshinsa bai saki ba. Ya tsaya yana duban batirin ta taga, yana cewa ko da gardin, bai kamata wuta ta mutu da wuri haka ba.

Rana ta fara dukan tsakar gida sosai, kaji sun shige ƙarƙashin rumfa. Iya ta dubi inuwar katanga, yadda take duba ta in tana lissafin azahar. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon bargo mai kauri. A gaban idon Musaddiq ta baza shi a kan farantin, ta gyara gefe da gefe, ta ɗora dutse a kusurwa don kada iska ta ɗauke, ta shafa shi sau ɗaya kamar mai lallashin yaro. Ni na saba ganin haka kullum, na ɗauka cikin ƙa'idar abin ne.

Musaddiq ya matso kusa da farantin. Ya tambaye ta me take yi.

"Inuwa nake masa. Kai ba ka da tausayi? Taɓa ka ji, kamar tanda."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin da ka kafa shi. In rana ta yi zafi in rufe shi, in ta yi sanyi bayan la'asar in buɗe shi ya sha iska."

Ta ce kakansa, Allah ya jiƙansa, da jakuna yake ɗebo ƙasar gini, kuma rabin tsofaffin katangun unguwar nan a bayan jakunansa suka zo. Bai taɓa barin jaki a tsaye a tsakar rana ba, ko da mai gini yana kumfar baki. Yakan ce duk abin da yake maka bauta yana da haƙƙi a kanka, kuma za a tambaye ka. To ita ga baƙo ya zo yana mata aiki ba ci ba sha, sai ta bar shi yana soyuwa tana kallo?

Musaddiq ya durƙusa a ƙasa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya sami numfashi ya ce, "Iya, lokacin cin abincinsa ke nan. Kin zo kin ɗaure masa baki kullum da rana tsaka, sannan da dare ki ce ya yi haniniya."

"Jaki ba ya haniniya, jahili. Doki ne."

"Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami."

"Kazar ce dai ta haifi zakaran da ya haife ka."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya juya mata fuskar wayar, ya ce Abuja ce take kira, gara ta fara naɗe tabarmarta. Iya ta koma kan kujerarta 'yar tsugunno ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya, tana duban ƙofar ɗakinta da bishiyar lemon da ke gefe. Tun da nake gidan ban taɓa ganin Musaddiq ya jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar.

Shi ma ya gani. Ya cire hula ya gaishe da mahaifinsa, idonsa a kanta. Na ji yana cewa aikin lafiyarsa ƙalau, wani abu ne yake tare masa rana, kuma ya gano shi. Alhaji ya yi tambaya daga can. Musaddiq ya ce, "Tausayi ne, Baba. In na zo zan yi maka bayani." Ya roƙi a ƙara haƙuri zuwa Juma'a, Alhaji ya zo da kansa bayan magariba ya ga haske da idonsa. Ya saurara, ya ce to, ya ce amin, ya kashe wayar.

"Me ya ce?"

"Ya ce in riƙe ki tukuna, babu mai son ki a can."

Ta ja dogon numfashi, ta ce Allah ya shirye shi shi da ubansa. Ya janye bargon ya ninke ya miƙa mata. Ta karɓa, amma ta ce zuciyarta ba za ta kwanta ba tana ganin bawan Allah a rana ba ta yi masa komai ba. Ya ce to ga aiki: kowace safiya ta jiƙa tsumma mai laushi ta goge masa fuska, don kashin tsuntsu ma yana rage masa abinci. Ta ce wato shayarwa. Ya ce eh, shayarwa. Ta gyaɗa kai, abin ya zauna mata.

Farantin yana ta ƙyalli, gajimare suna wucewa a cikinsa kamar a fuskar rijiya. Iya ta daɗe tana kallo. Sannan ta kira ni, ta ce, "Tayyiba, shiga ki duba ƙarƙashin gadona ta wajen bango, ki fito mini da abin da ke nannaɗe a buhu."

Jarka ce, cike da fetur.

Musaddiq ya dube ta. Ta ce ta ɓoye ne don in farantinsa ya ba ta kunya ta tayar da inji ranar da Alhaji zai zo, ta ce hasken rana ne.

"Da ƙarar fa?"

"Sai in ce munsharinka ne."

Ta tura jarkar gabansa da ƙafa, tana dariya har tana share ido da gefen mayafi. "Ɗauki ka zuba wa jakinka na zaure. Ni na yi sabon miji," ta nuna rana da haɓa, "kuma shi kullum yana zuwa da safe."