Kwamitin Rani na Dutsen Zamiya

A wani daji, can inda hanya ta gaji ta tsaya, akwai wani dogon dutse mai gangare sumul da ake kira Dutsen Zamiya. Da damina gansakuka kan lulluɓe gangaren, sai namun daji su taho daga ko'ina su hau ƙololuwa, su zauna a kan ɓawon itace, a tura su, su zame suuu har su faɗa tafkin da ke gindin dutsen. Dattawa masu furfura ma ihu suke kurmawa kamar babu surukansu a wurin. Al'adar wurin kuwa, baƙo ba ya hawa hannu rabbana. Kowa kan zo da goruba ko kanya ko ɗinya ya ajiye wa masu dutse, da haka suke ci.

Mai tura baƙi wani tsohon rema ne, Jatau, wanda ke ganin duk dajin babu sana'a mai zurfi kamar turi. Matarsa Tabawa ba ta taɓa musa masa ba, don tana son sa, kuma musu da Jatau ɓata yini ne.

Matsalar dutsen ɗaya ce. Da ruwa ya ɗauke, gansakuka ta bushe, baƙi su ɗauke ƙafa, maza su tafi cin rani wata fadama mai nisa. Bara Jatau ya dawo yana ɗingishi, da shatin faratan gaggafa a gadon bayansa. Bana da Tabawa ta ga ya fara ƙulle kayansa, sai ta dubi ƙafar tasa. Ta san in ya tafi da wannan ƙafar, da wuya ya dawo.

Sai ta nufi majalisa, ta durƙusa gaban Sarkin Dutse, wani ƙaton gwaggon biri mai son a ce ya saurari talaka.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni mace ce, ban san sha'anin mulki ba. Amma dutsen nan ba ya tafiya ko'ina da rani. Ba za a samo abin da baƙi za su riƙa yi duk shekara ba, mazanmu su zauna gida?"

Sarki ya ce daman abin yana ransa tun tuni. Nan take aka kafa Kwamitin Rani, aka sa Jatau a ciki don ya san gangare. Dokar majalisa kuwa, ɗan kwamiti ba ya barin dutse sai an yanke shawara. Jatau ya ajiye ƙunshinsa a bakin kogo, ya ce kwana biyu ne.

Dila ne ya fara magana. "Allah ya ja zamanin Sarki, na yi yawo, na ga duniya. Zamiya ba damina take bukata ba, jiƙa take bukata. A ɗauko Giwa ta riƙa fesa ruwa daga sama. Ni ba don kaina nake faɗa ba, ko da yake Giwar aminiyata ce, kuma zan iya yi mata magana ta sassauta mana."

Aka gwada. Giwa ta fesa, dutse ya shanye, rana ta lashe ragowar. Wani Gyado da ya zo wucewa ya yarda a fara da shi, Jatau ya tura shi da dukan gwanintarsa. Ɓawon ya tsaya a tsakiyar gangare, Gyado bai tsaya ba. Ya ƙarasa da mazaunansa a kan dutse mai zafi kamar tanda, ya dira tim a busasshen tafki. Kwamiti ya yi masa sannu, ya kuma amince cewa gwajin ya yi nasara ta fannoni da dama.

Kunkuru ya miƙe, abin da ya ɗauki lokaci. "Jama'a, iyayenmu ba su zame da rani ba, kuma ba su mutu ba, sai da ajalinsu ya zo. Ni shawarata, a koya wa baƙi hawa dutse a hankali. In sun kai sama su huta, su sauko a hankali. Kafin su gama, damina ta zo."

Hawainiya ta goyi bayan Dila, ta goyi bayan Kunkuru, ta kuma ce Gyado yana da gaskiya.

Labarin faɗuwar Gyado ya zaga daji. Dabbobi suka fara zuwa ganin wurin, suka tarar da kwamiti yana cacar baki, suka zauna kallo. Washegari suka dawo da iyalansu, kowa da ɗan abin hannunsa kamar yadda aka saba. Tabawa ta ga kanya ta taru a kogo cikin tsakiyar rani. Ta ga mijinta ya yi kumatu, kullum yana tsaye yana bayani a kan kusurwar turi, ana tafa masa. Daɗi ya cika ta, amma ba ta nuna wa kowa ba.

Ana cikin haka, ranar da zafi ya tsananta, Sarki ya gaji. Ya ce, "Na ji kowa. Babu abin da za a yi da rani. A rufe dutse sai damina, kwamiti ya watse, mai tafiya ya tafi."

Tabawa ta ga Jatau ya waiwaya wajen ƙunshinsa. Sama fes take, ko alamar hadari babu. Sai ta sake durƙusawa gaban Sarki.

"Ranka ya daɗe, hukunci ya yi kyau. Jahilci ne ya sa zan tambaya. Rufewar nan, daga sama za a fara, ko daga ƙasa?"

Sai mazauna ƙololuwa suka ce ai daga inda ake fara zamiya ake rufewa. Mazauna gindi suka ce tun kakanninsu ta wajensu baƙo ke shigowa, ba wanda zai ƙwace musu wannan girma. Dila ya ce yana da aminin da ya ƙware a rufe duwatsu. 'Yan kallo suka gyara zama. Sarki ya dafe kai, ya kafa ƙaramin kwamiti, ya naɗa Jatau shugaba, tunda shi ne ke zaune a sama yana aika mutane ƙasa.

Da suka koma kogo, Jatau ya daɗe yana kallon matarsa.

Ya ce, "Tabawa, ke fa kin san dutsen nan ba shi da ƙofa."

Ta ce, "Na sani, Malam. Miƙo ƙafar in matsa maka."

Ya miƙa mata. Ƙaramin kwamiti yana kan zama ruwan farko ya sauka, aka ɗage sai kaka.

Har yanzu, in baƙo ya tambayi mutanen Dutsen Zamiya abin da ake yi a can da rani, sai su ce masa ana nan ana duba lamarin, ya zo da wuri in yana son wurin zama.