Rasuwar Jaridar Inna a Bahon Wanki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kan da ya ƙi ɗaguwa, Masinja na sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar tsohuwar jaridar surukarsa, Inna. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi, a cikin bahon wanki, tana da shekara talatin da ɗaya a duniya. Ba ta yi doguwar jinya ba. Kuma tunda sanarwar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce, a hannun mai sanarwar ta cika.

Marigayiyar ba wata fitacciyar jarida ba ce. Shafinta goma sha biyu, rabinsu tallar taya da maganin sauro. Amma a shafi na bakwai, can ƙasa, akwai hoton mijin Inna, direban motar asibiti, yana karɓar takardar yabo saboda ya shekara ashirin a kan sitiyari ko kaza bai taɓa bugewa ba. Mutum ne da ba ya son hoto, wannan ɗin kaɗai aka taɓa samun sa ya tsaya. Ya rasu tun kafin Masinja ya san 'yarsa.

Duk wanda ya san marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. A cikin rigar filo ta yi rayuwarta, a ƙasan akwatin Inna. Ta yi ƙaura sau huɗu, ta sha yoyon rufi, ɓera ya taɓa cin gefenta, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ta da surutu. In an buɗe ta sai ta ce "ƙaras… ƙaras…", in an ninke ta ta ce "fuu", kamar tsohuwa ta samu wurin zama.

Ajalinta ya fara ne daga abin da Masinja yake taƙama da shi. A ofis shi ke kwashe tsofaffin jaridu, ya ɗauro su a bayan keke ya kawo gida. Sai ya yayyaga su, ya jiƙa a baho har su zama kamar kunu, ya zuba garin katako, ya cusa a ƙarfen matsa da maƙeri ya haɗa masa, ya taka da ƙafa ruwan ya tsiyaye. Abin da ya fito shi ne bulon takarda. In ya sha rana a kan rufi, guda ɗaya yakan ci a kasko ya ɗumama ɗaki. Duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa yadda ake yi, ya shiga uku, sai ya saurari lacca.

Bana da sanyi ya matso, aka ɗauko Inna ta zauna da su saboda ƙafafunta. Ita ba ta san da wannan sana'a ba. Abin da ta gani shi ne surukinta yana shigowa kullum da damin jaridu yana jerawa a kan benci, sai ta ɗauka Allah ya haɗa ta da mai karatu. Ta daɗe tana son ya ga fuskar mijinta, amma kunya ba za ta bar ta ta miƙa masa hannu da hannu ba. Sai ta lallaɓa da safe, ta zare jaridar daga rigar filo, ta ɗora ta a kan tarin, a saman duka, ta buɗe ta a shafi na bakwai.

Masinja ya fito yana fito, ya naɗe hannun riga. Da ta saman ya fara. Yana ma jin daɗin yadda take yaguwa ba gardama. Maganarta ta ƙarshe ita ce "tsiii", daga nan ruwa ya rufe ta. Bulo arba'in da biyar ya buga ranar, da niyyar ɗumama ɗakin Inna, har ya kira mai ɗakinsa ta zo ta ga kyan aiki.

Kwana uku bayan haka mai ɗakin nasa ta tare shi a ƙofa. "Inna ta ce in tambaye ka, ko ka gama karantawa? Tana son ta mayar akwati."

"Karanta me?"

Da ta gaya masa, sai ya ɗauko tsani. Ya hau rufi ya fasa bulo biyu yana dubawa, bai ga komai ba sai toka-toka da guntun harafi.

Daga nan abin kunyar ya fi kisan muni. Mako guda ya yi yana cewa bai gama karantawa ba. Bulon kuma ya ce bai bushe ba, don hannunsa ba zai iya kai ko ɗaya wuta ba. Ya riƙa ficewa kafin Inna ta tashi. Ita kuwa tana ɗaki cikin bargo biyu, ba kasko, har tari ya kama ta. Ranar da ya ji tarin nan ta bango ya san shi ya jawo, ranar ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofarta ya faɗi gaskiya, kansa a ƙasa.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya ji sauƙi. Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Tambaye shi, kafin ya yaga, ya dai gan shi ko?"

Ƙarya tana bakinsa, kuma da ta wuce lafiya. Ya haɗiye ta. Ya ce, "Inna, ban duba ba."

Sai Inna ta ce, "To. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Marigayiyar ta bar rigar filo ɗaya, da akwati mai gurbi a ƙasansa, da Inna, da 'yar Inna wadda har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da mijinta. Ta kuma bar bulo arba'in da uku, waɗanda babu wanda ya san wanne ne ke ɗauke da shafi na bakwai.

Saboda haka jana'izar za ta ɗauki kwana arba'in da uku. Za a fara gobe da safe a ɗakin Inna, bulo ɗaya kowace rana, a cikin kasko. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce ai takarda ce kawai, an riga an gwada wannan, bai yi amfani ba. Masinja ne zai ɗauko gawar daga rufi, shi zai kunna ashana. Inna ta ce ta yafe, ba ta kuma neman komai a wurinsa sai abu ɗaya: kafin ya sa kowanne a wuta, ya tsaya ya dube shi da kyau.