Ranar da Na'urata Ta Yi Shiru a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki surukina zuwa ɗaurin aure ba. Ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba.

Ina da wata 'yar na'ura mai nuna hanya da ƙanena ya kawo min tsaraba daga Legas. Na manna ta a gilashin gaban motata, na jona ta a ramin caji, shekara biyu ban taɓa cire ta ba. Haka rana take dukanta kullum a bakin shagona a Funtua. Wani mai gyaran waya ya taɓa leƙowa ya ce, "Yallaɓai, ka riƙa cire ta. Caji ba hutu, ga zafin rana, batirin zai kumbura ya mutu." Na yi masa kallon baƙauye. (Ni da ko masallacin unguwarmu za ni sai na kunna ta, don dai a ji Baturiyar da ke cikinta tana yi min magana.)

Ɗan ƙanin surukina ne zai yi aure a wani ƙauye bayan Ƙarfi, ƙarfe sha ɗaya na safe. Surukina Alhaji shi ne wakilin ango, goro da alewar ɗaurin auren kuma suna cikin but ɗin motata. In ba mu isa ba, babu aure. An ce a sa mai babur ya jira mu a mararraba, na ce haba, ai na taɓa zuwa sau ɗaya, na'ura ta haddace wurin.

Mun wuce Malumfashi, mun sauka daga kwalta ke nan, sai Alhaji ya ce, "Malam, wayar nan tawa ta kusa mutuwa, ko za a ɗan sa mani ita?"

Ramin cajin ɗaya ne. Na ce, "Cire waccan, Baba. Ai tana da batirinta, awa huɗu take yi."

Ya cire. Ko daƙiƙa huɗu ba ta yi ba, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Mai hankali a nan zai faɗi gaskiya. Amma ni da ko ruwa ba na iya sha a gaban mutumin nan, ta yaya zan ce ya cire wayarsa, bayan cika bakin da na gama yi? Can ya ce, "Yarinyar taka ta yi shiru."

"In ana kan hanya daidai ba ta magana, Baba." (Allah ya yafe min wannan ƙarya.)

Tsakiyar damina ce, masara ta fi motar tsayi, kowace hanya kamar 'yar'uwarta. Na karya dama, na karya hagu. Muka wuce wasu mata a bakin famfo. Jim kaɗan muka sake wuce su. A karo na uku ɗaya ta ɗaga hannu ta ce, "Sannunku da dawowa!" Sha biyu ta gota, gumi ya jiƙa min babbar riga. Alhaji kuwa carbinsa kawai yake ja.

Daga ƙarshe hanyar ta ƙare mana a cikin wata gona. Na hango wani tsoho da fartanya, na fita da sauri don in tambaye shi a ɓoye. Shi kuwa sai ya leƙa motar ya rangaɗa salati.

"Alhaji mai auduga! Kai ne ka ɓata a nan? Kai da ka san kowace gona a ƙasar nan?"

Ashe tun kafin a haife ni Alhaji yake yawon sayen auduga a ƙauyukan nan. Ya ce, "Ni ban ɓata ba, Malam Audu. Tun mararrabar farko na ga an kauce. To, mijin ɗiyata ne, ban so in ba shi kunya."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Malam Audu ya hau kekensa, fartanya a kafaɗa, na bi shi a baya a giya ɗaya. Haka muka shiga taron. Liman da jama'a sun fi awa ɗaya da rabi a kan tabarmi, inuwa ta gudu ta bar su, wasu har sun tafi. Uban amarya ya tare mu fuska a ɗaure, ya ce lafiya? Alhaji ya gyara hula ya ce, "Lafiya lau. Jagorarmu ce ta rasu a hanya, Malam bai so ya tayar mani da hankali." Liman ma sai da ya rufe baki da rawani.

An dai ɗaura auren. Washegari aka buɗe na'urar, batirin ya kumbura kamar fanke.

Abin da na koya shi ne, batir yana iya mutuwa a jone tun tuni, ba za ka sani ba sai ranar da ka yi alfahari da shi. Kuma in ka ɗauki dattijo a mota, ka fara tambayarsa hanya. Ni dai na makara. Har yau in zan kai Alhaji asibiti a cikin garin Funtua, garin da aka haife ni, muna fita ƙofar gida yake cewa a hankali, "Hannun dama za ka yi, Malam."