Tabar da Na Fesa wa Zuma

Tsufa ya kwashe mini sunaye da yawa, har na wasu garuruwan da na zauna a cikinsu, amma akwai wata Laraba ta bazara a Fagge da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Yau mai son taba hannu kawai yake miƙawa, mai tebur ya zaro masa daga kwali, naɗin inji, ga gargaɗin likitoci a jiki. A zamaninmu, kafin a ba mu mulkin kai, ba haka abin yake ba. Tsofaffi na da taba gari da kanwa, mata na da fure, mutanen ƙauye na da lofe da buƙi, wato taba naɗin hannu, akawuna kuma sigarin gwangwani. Amma irin tabar nan mai kauri ta manyan Turawa, ganye zalla babu ko guntun takarda, ni kaɗai na iya naɗa ta a duk Fagge. (Ina faɗa da ƙarfi, don masu ƙaryata ni duk sun riga mu gidan gaskiya.)

A Panya na koya, wato tsibirin nan da ke cikin teku gaban Kalaba. Na bar Kano ina saurayi, na yi Kumasi, na yi Ikko, na tsinci Tonancin mutanen Kumasi da Yarabanci da Turancin kasuwa, daga ƙarshe na faɗa hannun wani tsoho mai suna Manuwel, wanda ke naɗa wa masu gonakin koko taba. Shi ya nuna mini cewa taba hawa uku ce: akwai hanji, akwai ɗan ciki da ke riƙe hanjin, akwai rigar waje. Shi ya koya mini zare jijiyar ganye ba tare da ya yage ba. Babban sirrinsa kuwa feshi ne. Yakan jiƙa kanumfari da ɓawon lemo da ɗan digon zuma a barasar rake, ya fesa sama, ya tara ganyen raɓar ta sauko masa, sannan ya lulluɓe shi ya kwana uku.

Abu ɗaya ne yake yi da nake wa dariya a ɓoye. Ƙafafun teburinsa huɗu, kowace a cikin gwangwanin ruwa take tsaye. Na ga tsafi a Kumasi, na gani a Ikko, sai na ɗauka wannan ma nasu ne. Shekara biyu ina gefen teburin nan, ban taɓa buɗe baki na tambaya ba.

Da na dawo gida na sauka wajen ƙanen mahaifina, Baffa Idi, malami ne mai karantar da manya a zaurensa. A gidanmu ko sunan taba ba a ambata. Saboda haka na samu wani lungu a bayan shagon wani mai askin zamani a Sabon Gari, na sayi kwalbar feshinsa mai ƙwallon roba, na sa ana kawo mini ganye daga ƙasar Zazzau. Barasa dai ba zan taɓa ba, sai na maye ta da ruwan tsamiya, na liƙe bakin rigar da ƙaro. Wallahi ta yi kyau. Akwai wani akawun jirgin ƙasa ɗan Saliyo, Mista Kol, da ya zuƙa sau ɗaya ya lumshe ido ya ce ko a Ikko bai sha irinta ba. Ya ƙara da cewa ɗan zaƙin nan shi ya fi burge shi.

Kada ka yabi irina a kan zaƙi. Naɗi na gaba na ninka zumar sau uku, na narka mazarƙwaila na ƙara, wai don ta ɗauki ɗanɗanon Kano. Na jera su a kan teburina, wanda ƙafafunsa ke tsaye a kan ƙasa kamar na kowane mai hankali.

Duk wannan fa a ɓoye. A idon unguwa ni ɗan Panya ne kawai, wanda ya yi shekara tara a waje ya dawo da akwati ɗaya da yaruka uku, ba sana'a. Abin yana damun Baffa, yana damuna. Wata uku ya yi yana bin Alhaji Bala mai goro, babban attajirin unguwarmu, don ya ɗauke ni wakilinsa a Kurmi, in zama bakinsa wajen Yarabawa, in riƙa rako goro a jirgi. Aikin da duk saurayin Fagge ke mafarki ke nan. Sai dai Alhaji ɗan ɗariƙa ne na gaske. An ce in mai warin taba ya zauna a tabarmarsa, sai an wanke ta an shanya. Baffa kuwa ya riga ya faɗa masa, "Ɗana ko hayaƙin murhu ba ya so."

Ranar Larabar na kwaso guda goma sha biyu da zan kai wa Mista Kol da la'asar. Na ga kiyashi biyu uku a kansu, na kaɗe da yatsa, na naɗe a hankici na cusa a aljihun kaftani. Ban san cewa waɗanda na kaɗe masu gadi ne ba, garin gaba ɗaya yana cikin hanjin. Na biyo ta gida don in yi azahar, sai ga Baffa tsaye a zaure da babbar rigarsa ta Juma'a a hannu.

"Ina ka shiga? Alhaji ya aiko. Yanzu yake son ganinka."

"Baffa, bari in ɗan shiga ɗaki..."

"Ɗakin me? Ɗaga hannu."

Ya zura mini rigar a kan kaftanin, ya gyara mini hula da hannunsa, ya sa ni gaba.

Na shiga zauruka a ƙasashe da dama, amma na Alhaji Bala daban ne. Sanyi kamar bakin rijiya, huhunan goro jere har rufi, ƙamshin ɗanyen ganye ko'ina. Alhaji na kan buzu da carbi, dillalai biyar a gefe, ga wani dattijon Bayarabe da hularsa a karkace. Muka durƙusa muka yi gaisuwa. Na zauna na tanƙwashe ƙafa na sunkuyar da kai, yadda ɗan malamai ke zama gaban manya.

Alhaji ya ce, "Kai ne mai yarukan? To ga Baba Lasisi, daga Kurmi yake kawo mana goro. Tambaye shi yaya ruwa a can bana."

Na juya na saki Yarabanci. Ba yabon kai ba, har dattijon sai da ya gyara zama. Ya amsa, na mayar da Hausa, Alhaji ya gyaɗa kai, Baffa ya shafa gemu. A daidai nan na ji cizon kiyashi na farko, a ƙarƙashin haƙarƙari.

Zafin jikina ya dumama zumar, rigar Baffa kuma ta rufe kowace ƙofa. Wanda bai taɓa zama da kiyashi a hammata gaban attajiri ba, bai san haƙuri ba. A Ikko da sai in sa hannu in sosa, ba mai kallona. A Kumasi da sai in miƙe in karkaɗe a yi dariya a wuce. Amma a Fagge, gaban Alhaji, gaban Baffa, wa ya isa? Na matse hannu a jiki. Suka gangara. Na matse cinya. Suka rabu biyu, wasu suka yi kudu, wasu suka nufi wuya.

Alhaji ya ce, "Tambaye shi kwana nawa huhu ke yi kafin ya kai tasha."

Na tambaya, sai dai ƙarshen maganar ya fita da muryar da ban san ina da ita ba. Wani dillali ya ce, "Ikon Allah, ashe haka Yarabanci ke tashi sama?"

Baba Lasisi ya matso kusa da ni. Ya ƙura wa wuyana ido, ya ce mini da Yarabanci a hankali, "Ɗana, kiyashi na fita daga rigarka, sun kai kunne."

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce goron bana zai yi albarka."

Dattijon ya juya wajen Alhaji, ya ce da Hausar da ta fi tawa tsabta, "A'a Alhaji, cewa na yi kiyashi sun kusa cinye yaron nan." Ashe shekararsa talatin a Sabon Gari. An zaunar da shi ne don a ji ko ina juya magana daidai.

Ko kafin in ji kunyar wannan, wani kiyashin ya samu wurin da ba zan faɗa a rubuce ba. Na yi tsalle. Ni da aka yi wa shaidar natsuwa, na tuɓe rigar Juma'ar Baffa na jefar, hula ta bi ta, na kama kaftani ina karkaɗawa ina taka rawar da ban koya a kowace ƙasa ba. Hankicin ya faɗo ya warware. Taba goma sha biyu suka gangara kan tabarma, ɗaya ta mirgina sannu a hankali har ta tsaya a bakin buzun Alhaji, kiyashi na fita daga bakinta a layi.

 Ban iya duban Baffa ba, amma na ji ya ce "Innalillahi" can ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya sa bakin sandarsa ya juya ta. "Mene ne wannan?"

Na riga na yi ƙarya ɗaya ta mutu a gabana, ba ni da ƙarfin ta biyu. Na ce, "Taba ce, ranka ya daɗe. Ni nake naɗawa."

"Malam Idi, ashe hayaƙin murhu ne kaɗai ba ya so."

Dillalai suka fashe da dariya. Alhaji bai yi ba. Ya danna tabar da sanda, ta lotsa ta dawo. Ya sake dannawa. Ya ce wa Baba Lasisi ya ɗauka ya lanƙwasa. Dattijon ya busa kiyashin ya lanƙwasa ta, ba ta karye ba, ko tsagewa rigarta ba ta yi ba.

"Yaushe ka naɗa ta?"

"Kwana tara ke nan."

"A wannan zafin? Da takarda ma ke karyewa?"

Kun san halina. Ina tsaye ba hula, kiyashi na yawo a ƙeyata, amma da aka taɓo sana'a sai na manta. Na ce zuma ta taimaka, amma ba ita ce asali ba. Ganye ba a jiƙa shi, sama ake fesawa ya sha raɓa. Ana gane ƙishinsa da bayan hannu, a kuma murza shi kusa da kunne: in ya yi ƙara yana son ruwa, in ya yi shiru ɗif ya sha da yawa, ruɓa zai yi. Na faɗi yadda ake juya shi, da yadda ake barin masa ƙofar numfashi. Ina magana ina sosawa, tunda yanzu ba sauran abin ɓoyewa.

Alhaji ya dubi dillalansa. "Kun ji? Shekara nawa goro na iso mini rabi a bushe, rabi a ruɓe, saboda mai rakiya ko ya manta da ruwa ko ya kwarara masa bokiti?" Ya nuna wani huhu. "Kwance wancan. Faɗa mini halin ganyensa."

Na kwance, na shafa, na murza a kunne. Na ce na sama yana jin ƙishi, na ƙasa kuma jiya an cika masa ruwa. Dillalin da ya yi mini ba'a ya sunkuyar da kai, don shi ya zuba.

Alhaji ya ce, "Samari, abu biyu. Hannun da zai taɓa gorona ba zai ƙara taɓa wannan ba. Na biyu, in mutum ya ce kiyashi, ka ce mini kiyashi. Ko zagina aka yi, ka kawo mini zagin yadda yake. Ka iya?"

Na ce na iya.

"To ɗauki rigar malaminka. A fitar da tabarmar nan a wanke."

Muka kamo hanya ni da Baffa har ƙofar gida. Can ya tsaya ya ce, "Ita wannan sana'ar, da gaske kai kaɗai ka iya ta a garin nan?" Na ce e. Ya ce, "Allah ya shirye ka. A wanke mini rigata sau biyu."

Washegari na je Sabon Gari na ba Mista Kol haƙuri. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ba ka sa ƙafafun teburin a ruwa ba? A garinmu kowace tsohuwa ta san kiyashi ba ya ƙetare ruwa." Sai a ranar na gane tsafin Manuwel. Na ƙetare teku na koyo sirrin feshi, na baro gwangwani huɗu saboda girman kai ya hana ni tambaya. Tun daga nan, in na ga gwani na yin abin da ya yi kama da wauta, sai na tambaya kafin in yi dariya.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina rako goron gidan Alhaji Bala, kwalbar nan mai ƙwallon roba na cikin jakata, ruwa zalla a ciki. Daga Agege har Fagge ba wanda ya san sunana na yanka, Mai Kiyashi ake ce mini, kuma in an ce huhun Mai Kiyashi ne, dillali ba ya ma kwancewa. Taba kuwa, goma sha biyun nan su ne na ƙarshe da na naɗa.