Zaren da ya haɗiye Jigawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je koya wa malamin makaranta aikinsa ba. A ƙauyenmu na gefen Bagwai ni ke karanta wa mata takardun asibiti, saboda na gama sakandare, har na fara jin kaina.

'Yata Hafsa ta zo da aikin gida: cikin jihohin da ke maƙwabtaka da Kano, wacce ta fi doguwar iyaka da ita? Na ce, "Kwantar da hankalinki, uwarki ta yi boko." Na zaro taswirar marigayi Baba daga ƙasan akwati (hedimasta ne, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa zaton kayansa na tsufa ba). Na ɗauko zaren ɗinkin hula, na bi kowace iyaka lungu-lungu ina tsinkewa. Zaren Kaduna ya fi tsayi, sai Bauchi, sai Borno.

Malam ya zuba mata sifili. Ta dawo da hawaye, ta ce ba ta ƙara tambayata komai. Maganar nan ta soke ni.

Washegari na zumbula hijabi sai ofishin malamai. Na baje taswira da zarurrukana a tebur kamar mai kayan koli.

"Malam, haka ake ba ku alli ba ku san ƙasarku ba? Auna ka gani!"

Ya duba, ya gyara zama. "Hajiya, ni ɗan Kazaure ne. Nuna min jihata."

Na kai yatsa, yatsa ya yi ta yawo. Babu Jigawa, Kano ta haɗiye ta. Wani dattijon malami ya leƙo ya ce, "Kai! Ai a nan ko Katsina ba a yanke wa cibiya ba!" Ofis ya kwashe da dariya. (Ni da nake da ƙanwa mai aure a Kazaure, duk shekara sai na wuce allon shiga Jigawa!)

Malam ya nuna min taswirar bango, ga iyakar Jigawa ta fi kowacce. Na tattara zarurrukana na ce, "Laifina ne, a yafe wa yarinya." Ya bari ta sake aikin.

Hafsa ta ci gaba da tambayata, alhamdulillahi, sai dai takan ƙara da, "Umma, wannan amsar ta bana ce ko ta Kaka?"

Na dai koyi darasi: mahaifi a bi shi da addu'a, taswirarsa kuwa a duba shekarunta kafin a saka hijabi.